SANDAR MURIDI: Risala a kan wanda ganinsa ya tafi bayan ya girma, da haƙƙinsa a kan 'yan'uwa

Da sunan Allah muke farawa, da shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ba bayinsa ji da gani aro, shina karɓar aronsa lokacin da ya so, ga wanda ya so, bisa hikimar da ya sani. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu, fitilar zukata, da alayensa da sahabbansa, da waliyyan Allah magadansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ku sani ya 'yan'uwana cikin Allah, wasu daga ma'abuta zawiyoyinmu na Birnin Kebbi da Argungu sun tambaye ni a kan muridi wanda ya rayu da ganinsa shekara 40 ko 50 ko 60, sa'an nan gani ya tafi, baƙin ciki ya rufe shi, ya bar fita, ya bar wazifa. Suka ce: shin baƙin cikinsa rashin yarda da ƙaddara ne? Kuma mi ya wajaba a kanmu gare shi bayan mun ce mishi ya yi haƙuri? Na amsa musu da wagga risala, na sanya ta muƙaddima da fasali 6 da cikawa, ina roƙon Allah shi amfanar da ita.

MUƘADDIMA

Ka sani gani iri 2 ne. Akwai basaru, shi ne ganin idon kai, dabba ma tana da shi. Akwai basira, ita ce ganin zuciya, da ita ake sanin Allah. Alƙur'ani a Suratul Hajji ya nuna makantar da ake tsoro ita ce ta zuciya. Wanga gaskiya ne babu shakka. Amma kada ka riƙe shi hujja ka raina abin da ɗan'uwanka ya rasa. Da idon kai ya ke duba Mus'hafi, da shi ya ke ganin fuskar ɗiyansa, da shi ya ke gane shinkafarsa ta nuna a fadama. A cikin hadisi ƙudusi wanda Bukhari ya ruwaito, Allah ya ambaci idanu da sunan abin so guda 2 na bawa, ya yi alkawarin Aljanna ga wanda aka jarraba da rashinsu ya yi haƙuri. To, dubi girman farashi ka san girman haja. Ba a sayen abu ƙarami da Aljanna.

Kuma wanda aka haifa babu gani da wanda ya rasa shi bayan girma ba ɗaya su ke ba. Na farko ya gina rayuwarsa tun asali a kan kunne da hannu. Na biyu ginin da ya yi shekaru shina yi ya rushe a kansa, ana ce mishi shi sake wani da tsufa. Maganata a nan a kan na biyun ta ke.

FASALI NA 1: Shin baƙin ciki shina warware yarda?

Jawabi: ba shi warware ta. Hujjata Annabi Yakubu, amincin Allah shi tabbata gare shi. Suratu Yusufa ta ba mu labarin ya yi baƙin cikin ɗansa har idanunsa suka yi fari, 'ya'yansa suka zarge shi, ya ce musu ga Allah ya ke kai kukansa. Allah bai zarge shi ba ko da kalma guda, alhali shi annabi ne ɗan annabi jikan annabi. Hakanan Shugabanmu, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahimu ya rasu, ya bayyana cewa hawaye rahama ne, abin da aka tsare shi ne harshe kada shi faɗi abin da ba ya yardar da Ubangiji.

Daga nan muka san haƙuri aiki ne na tsare harshe da gaɓoɓi da niyya. Zafin da zuciya ta ke ji ba shi cikin abin da bawa ya mallaka, kuma ba a ɗora wa rai abin da ba ta iyawa. Dubi masunci a Matan Fada ranar sanyi: ruwa shina cizon jikinsa, haƙoransa suna kaɗawa, amma bai saki homa ba. Ba a ce mishi raggo don ya ji sanyi. Raggo shi ne wanda ya saki homa.

Idan ka ce: ai an ruwaito Sa'adu ɗan Abu Waƙƙasi, wanda ake amsa addu'arsa, ganinsa ya tafi, aka ce mishi shi roƙa wa kansa, ya nuna hukuncin Allah ya fi soyuwa gare shi bisa ganinsa. Ashe wanga ba shi ne halin muridi na gaskiya ba? Na ce: wanga maƙami ne na yarda, kuma malaman tafarki sun sanya shi sama da maƙamin haƙuri. Haƙuri wajibi ne a kan kowa. Yarda kuwa, da ma'anar zuciya ta natsu har ta ji daɗin hukunci, kyauta ce da Allah ke bayarwa bayan tafiya. Wanda ya nemi maƙamin Sa'adu ga mutumin da ganinsa ya tafi watan jiya, ya yi kamar wanda ya dasa shinkafa da safe ya zo da lauje da la'asar. Kuma mafi yawan masu neman wanga maƙami ga wasu, da ƙaya ta soke su a ƙafa da an ji ihunsu a bayan gari.

Iyakar da aka haramta ita ce tuhumar Allah da zalunci, da yanke ƙauna daga rahamarsa, da barin farilla da gangan. Abin da ke ƙasa da wanga, na kuka da shiru da faɗin cewa abin ya yi mini nauyi, babu laifi cikinsa. Faɗa wa ɗan'uwa halinka don neman taimako ko sauƙin zuciya ba ƙarar Allah ba ne, kamar yadda faɗa wa likita ciwonka ba ƙarar Allah ba ne.

Kuma ku kiyayi cewa makanta azaba ce a kan zunubi. Abdullahi ɗan Abbas, malamin tafsiri, ya makance a ƙarshen rayuwarsa. Jabiru ɗan Abdullahi hakanan. Ka'abu ɗan Maliki hakanan, ɗansa Abdullahi ya zama jagoransa. Imamu Tirmizi hakanan. Shehu Abul Hasan Shazili, wanda ya rasu shekara ta 656 ta Hijira, ganinsa ya tafi kafin wafatinsa. Wa ya isa shi ce waɗanga an yi fushi da su?

FASALI NA 2: A kan neman magani kafin a yanke hukunci

Ka sani wajibi na farko a kan 'yan'uwa shi ne su tabbatar ganin ya tafi ne tafiyar da ba ta dawowa. Tirmizi ya ruwaito daga Usmanu ɗan Hunaifu cewa wani makaho ya zo ga Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya nemi addu'ar waraka. Annabi ya ba shi zaɓi tsakanin haƙuri da addu'a, ya zaɓi addu'a, Annabi ya koya mishi alwala da addu'ar tawassuli, bai zarge shi ba. Mu ma'abuta ɗariƙa muna riƙe da wanga hadisi hujja a kan tawassuli. To mu riƙe shi kuma hujja a kan cewa son dawowar gani ba naƙasa ba ne ga imani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu 1837, ya wallafa risala a kan maganin ciwon ido, kuma babu mai cewa ya rasa tawakkali.

An yi ƙidaya a ƙasar Nijeriya duka tsakanin 2005 da 2007. Aka samu cikin mutum 100 masu shekara 40 zuwa sama, wajen 4 makafi ne. Cikin makafi 100, 43 yanar ido ce ta rufe su, wajen 17 kuma ciwon da ake kira gilakoma, wanda wasu ke ce wa hawan jinin ido. Kuma 84 cikin 100 makantarsu iri ce da ake iya tsare ta ko a warkar da ita. Ka dubi wanga da kyau, ya ɗan'uwa. Da yawa daga waɗanda muke yi wa wa'azin haƙuri a zaure, aikin ƙasa da sa'a guda zai mayar musu da Mus'hafinsu.

Yanar ido, likita shina cire ta shi sanya wani gilashi ƙarami a madadinta, mutum shi gani. Amma ku kiyayi masu yawo ƙauye ƙauye suna soka ido da tsinke su tura yanar ciki, don wancan ƙidayar ta samu mafi yawan idanun da aka yi wa haka sun zauna cikin makanta. Ku kiyayi ɗiga ruwan ganye ko maganin kasuwa a ido ba da izinin masani ba. Gilakoma kuwa tana cin jijiyar gani a hankali, sau da yawa babu zafi, abin da ta ci ba ya dawowa, amma maganin ɗigawa ko aiki shina tsare sauran. Tana bin dangi, saboda haka wanda ubansa ko wansa ya makance da ita shi tafi a auna idonsa. Ciwon gira, inda gashin ido ke juyawa shina gogar ƙwayar, ana gyara shi da ƙaramin aiki. Mai ciwon suga shi ma a duba idonsa kowace shekara. Akwai masu duba ido a asibitocin Birnin Kebbi da Sakkwato, akwai asibitin ido na ECWA a Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Fa'ida: malamanmu Malikawa sun yi magana a kan wanda aka yi wa aikin ido har ya zama sai shi yi salla a zaune, suka halatta, kuma mas'alar tana cikin Mukhtasar na Halilu. Mai ɗiga magani kuma kada shi bar shi don azumi. Shi nemi likita shi daidaita mishi lokaci ga sahur da buɗa baki.

FASALI NA 3: A kan abin da ke gudana cikin zuciyar wanda ganinsa ya tafi

Idan masana suka ce gani ba ya dawowa, to nan aikin zawiya ya fara. Na zauna da irin waɗanga bayin Allah, na ga halaye suna zo musu suna komawa, ba bisa jeri guda ba. Akwai ɗimuwa, har mutum shi zauna kamar ba shi nan. Akwai musu, shina yawo daga mai magani zuwa mai magani har gona ta ƙare. Akwai fushi, mafi yawansa a kan matarsa ko ɗan da ya fi yi mishi hidima. Akwai tsoron faɗuwa da tsoron rijiya da tsoron babur a kan hanya. Mafi nauyinsu duka kunya ce: dattijon da jiya ake kawo wa ƙara, yau yaro shina nuna mishi ƙofar bayi. Abin da ya ke kuka a kai sau da yawa girmansa ne da sana'arsa da sirrinsa, don wasiƙarsa da kuɗinsa sun koma hannun wani.

Tanbihi na 1, a kan barci. Haske ne ke daidaita wa jiki dare da rana. Wanda ba ya ganin haske ko kaɗan, barcinsa shina iya zamewa, shi kwana ido biyu shi yini shina gyangyaɗi. Wanga ba lalaci ba ne. Abin da ke taimakonsa tsayar da lokutta: tashi ga asuba, lazimi a lokacinsa safe da yamma, abinci a lokaci guda, da tafiya da ƙafa da hantsi. In bai daidaita ba a gaya wa likita.

Tanbihi na 2, a kan gane-gane, kuma ku riƙe shi da kyau don ya shafi tafarkinmu. Da yawa daga waɗanda ganinsu ya raunana suna ganin surori: mutane ƙanana cikin ado, ko dabbobi, ko zane kamar na tabarma, ko fuskoki, suna zuwa suna wucewa babu sauti, shi kuwa hankalinsa lafiya lau, ya san ba su nan. Wani masani mutumin Jeneba, Charles Bonnet, ya rubuta wanga a 1760, lokacin Shehu Usmanu shina yaro, a kan kakansa wanda yana ta rufe wa ido, shina ganin mutane da tsuntsaye da gine-gine. Likitoci har yau da sunansa su ke kiran abin. Sababinsa shi ne ɓangaren ƙwaƙwalwa mai karɓar saƙon ido, idan saƙo ya yanke, sai shi fitar da surori daga abin da ya ajiye, kamar niƙa da ke juyawa babu hatsi. Mutum 2 ke halaka a nan. Na farko wanda ya ɓoye don tsoron a ce ya haukace ko aljannu sun shafe shi, shina kwana cikin firgita shi kaɗai. Na biyu wanda ya zaci kashfi ne, Shaiɗan shi shigo mishi ta ƙofar jiji da kai. Kashfi na gaskiya ana auna shi da shari'a da ƙaruwar tsoron Allah, kuma shehu ake kai wa shi. Saboda haka muƙaddami shi tambayi ɗan'uwa a keɓe cikin taushi, shi sanar da shi abin sananne ne, ba hauka ba ne, kuma yawanci shina raguwa da tafiyar lokaci. In surorin suna magana da shi, ko ya gaskata su, ko ya rikice, wanga wani abu ne daban, a kai shi ga likita.

Tanbihi na 3, a kan bambanta ƙabdu da ciwo. Ma'abuta tafarki sun san ƙabdu, wato ƙuncin da ke sauka ga zuciyar mai suluki, basɗu shi biyo bayansa kamar yadda rani ke bin damina. Amma akwai baƙin ciki wanda ya zama ciwo, likitoci suna kiransa ciwon damuwa, kuma ya fi yawa ga waɗanda suka rasa gani bisa sauran mutane. Alamarsa: mako 2 ko fiye kullum cikin ƙunci, babu abin da ke yi mishi daɗi har abin da ya ke so a da, cin abinci da barci sun lalace, shina cewa shi kaya ne a kan iyalinsa, shina yawan fatan mutuwa. Wanga shina da magani, na zantawa da masani da na sha, kamar yadda zazzaɓi ke da magani, kuma shan sa ba ya hana wuridi. Idan ya ambaci kashe kansa, kada a tsawata mishi, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke maganin feshin gona da makami daga inda hannunsa ke kaiwa, a kai shi asibiti ranar nan. Akwai asibitin masu wanga fanni na gwamnatin tarayya a Kware kusa da Sakkwato. Ran mumini amana ce a wuyanmu.

FASALI NA 4: A kan haƙƙinsa bisa 'yan'uwa

Asalin wanga babi hadisin Itbanu ɗan Maliki ne, a cikin Bukhari. Shi ne limamin mutanensa, ganinsa ya raunana, idan aka yi ruwa kwarin da ke tsakaninsa da masallacinsu shi cika, ba ya iya ƙetarewa. Ya roƙi Annabi shi zo gidansa shi yi salla a wani wuri don shi riƙe shi masallaci. Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya taka da ƙafarsa da hantsi tare da Abubakar, ya tambaye shi inda ya ke so, ya yi salla a nan, mutanen unguwa suka taru. Mu da muke zaune bakin Gulbin Rima, muna ganin yadda ruwa ke cika fadama ya yanke hanya da damina, mun fi kowa fahimtar halin Itbanu. Dubi abu 2 cikin hadisin. Annabi ya tafi gare shi. Kuma ya tambaye shi, bai zaɓa mishi ba.

To haƙƙinsa na farko ziyara mai ɗorewa. Mako na farko gida shina cika, bayan wata 3 babu kowa, alhali lokacin ne abin ke zauna mishi a zuciya. Muƙaddami shi raba kwanaki tsakanin muridai, kowa da ranarsa ta ɗauko shi zuwa wazifa. In ruwa ya hana, a kai wazifa zaurensa.

Na biyu saurare. Ka zauna ka ji, ka bar shi shi maimaita labarin ko sau 10 ne. Kalmar haƙuri gaskiya ce, amma da yawa muna faɗinta don mu rufe bakinsa mu tashi. Mafi amfani a haɗa shi da wani wanda ya riga shi shiga wanga hali kuma ya miƙe, don maganarsa tana shiga inda tamu ba ta kaiwa. Hausawa tun da suna da Sarkin Makafi a garuruwansu, yanzu kuma akwai ƙungiyar makafi ta ƙasa; a nemi masu hankali daga cikinsu.

Na uku ladabin zama. In ka shigo ka yi sallama ka faɗi sunanka, kada ka ce mishi shi cinko wane ne. In za ka fita ka sanar da shi, kada shi zauna shina magana da bango. Ka yi magana da shi kai tsaye, kada ka tambayi jagoransa abin da ya ke so. Kada ka ɗaga murya, kunnensa lafiya ya ke. Kada a canza wurin butarsa da takalminsa da sandarsa ba da saninsa ba, kada a bar ƙofa rabin buɗe ko turmi a kan hanya, a rufe rijiya. In za ka ja shi, ka ba shi hannunka shi riƙe sama da gwiwar hannu, ka gabace shi da rabin taki, ka faɗa mishi kwata da tudu da matakala kafin ku isa.

Na huɗu iyalinsa. Matar da ke ɗauke da shi dare da rana ita ma tana cikin jarrabawa. Mata 'yan'uwa su ziyarce ta su karɓe ta. In mace ce ta rasa gani, haƙƙinta ya fi ƙarfi, don ta fi ɓoyuwa a ɗaka, kuma wanda ya sake ta don makanta ya bar halin ma'abuta tafarki ko da shari'a ba ta hana shi saki ba. Kuma kada a cire yaro daga makaranta shi zama jagora kullum, a gyara makanta guda da jahilci guda.

FASALI NA 5: A kan tausayin da ke cutarwa

Ka sani akwai zalunci da ke zuwa cikin rigar jinƙai. Shi ne a ce mishi zauna, kada ka taɓa, za a yi maka, har a karɓe limancinsa da shawararsa da sana'arsa, shi zama kamar randa a kusurwa. Dubi yadda Annabi ya yi da Abdullahi ɗan Ummi Maktumi, wanda Suratu Abasa ta sauka a kansa. Ya sanya shi ladani tare da Bilalu, ya bar shi a Madina shina ba mutane salla lokacin fita yaƙi, ba sau ɗaya ba. Da wani makaho ya nemi rangwamen salla a gida, Annabi ya tambaye shi ko shina jin kiran salla, ya ce i, ya umurce shi da amsawa. Na fahimci rahama cikin wanga umurni, don wanda aka ɗauke wa zuwa masallaci an ɗauke mishi mutane.

A mazhabarmu limancin makaho ya halatta, kiran sallarsa ya halatta idan shina bin amintacce a kan lokaci, cinikinsa ya inganta, ana karɓar shaidarsa a kan maganar da ya tabbatar da muryar mai ita. Suratun Nur da Suratul Fat'hi sun ɗauke mishi ƙunci a inda ba ya iyawa, kuma wanda ba shi da jagora, ba ya iya kai kansa, shina da uzurin Juma'a. Rangwame haƙƙinsa ne, shi ke zaɓen riƙonsa. Mu ba mu da ikon mayar da shi kurkuku.

Idan ka ce: to mi zai iya? Na ce: masunci hannunsa ya san saƙar koma da ɗinkin homa fiye da idonsa. Manomi shina tufka igiya, shina kiwo a gida, shina sanin ƙasa da iri, a riƙa shawara da shi. Mai saƙar tabarma da mai tireda sun ci gaba da sana'arsu. Mahaddaci shina karɓar hadda da kunne. Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu a Misira shekara ta 590 ta Hijira, makaho ne, kuma har yau da ƙasidarsa ake koyon ƙira'o'i 7. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, wanda ya rasu 1990, bai gani ba tun shina ƙarami, waƙarsa ta shiga gidajen Hausawa gabas da yamma. Akwai rubutun makafi da Louis Braille mutumin Faransa ya fitar a 1829, ɗigo 6 masu tudu da ake shafawa da yatsa, an buga Alƙur'ani da shi. Babba shina iya koyonsa in ya dage. Wayar hannu tana karanta saƙo da murya, tana ɗaukar karatun malamai. Sanda kuma a koye ta kamar yadda ake koyon tuƙin kwalekwale, a fara daga ɗaki zuwa zaure, sa'an nan zuwa masallaci. Kuma a 2019 an sanya hannu a kan dokar ƙasa da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci a aiki da karatu. Ma'aikaci kada shi ajiye aikinsa da gaggawa kafin shi nemi shawara.

FASALI NA 6: A kan bara

Ba na zargin wanda lalura ta fitar da shi, don shari'a ta halatta wa mabuƙaci tambaya, kuma shina da rabo cikin zakka. Zargi a kanmu ya ke. Idan ɗan'uwan da muke zagaye farin ƙyalle da shi ya fita da ƙoƙo shina bin kasuwanni, to a tambayi zawiyarsa ina zumuncin da ta yi alkawari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ware mishi mudu lokacin girbin shinkafa, a yi mishi gayya a gonarsa, a haɗa mishi jari gwargwadon hali, a ba shi a ɓoye. Mafi alherin taimako wanda zai sa shi ma shi ciyar da baƙo a zaurensa, don mutum shina warkewa ranar da ya ga ana buƙatarsa.

CIKAWA: Wasiyya ga ɗan'uwa wanda aka jarraba

Ya kai wanda ake karanta wa wagga takarda, ka sani wuridinka bai taɓa buƙatar ido ba. Istigfari da salati da hailala da harshe da zuciya ake yinsu, tasbaha yatsa ke ƙirga ta, kuma mu masu ido sai mun runtse kafin mu sami halarar zuciya. Kada ka nemi shekara guda daga kanka, ka nemi yini guda: yau in kai kaina wurin alwala, gobe in kai ƙofar gida. Ranar da kuka ya zo ka yi shi, ka kai shi inda Yakubu ya kai nasa. Ka karɓi hannun da aka miƙo maka, don mai jan ka lada ya ke nema ta hanyarka, kai ne ƙofarsa. Ka sassauta wa iyalinka, su ma koyo su ke yi. In yarda ba ta sauka a zuciyarka ba tukuna, ka tsaya a ƙofarta da haƙuri, Mai ita shina sane da tsayuwarka.

Ya Allah, don alfarmar Annabinka, ka warkar da wanda akwai waraka cikin rabonsa, ka ba wanda babu haƙuri mai kyau da mataimaka na gari, ka tsare mu daga makantar zuciya, ka jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu muddin muna raye, ka tara mu da su a inda ake duban zatinka mai girma. Ka gafarta wa marubuci da mai karantawa da mai saurare da iyayenmu da shehunanmu da Musulmi baki ɗaya. Wanda wagga risala ta isa hannunsa, amana ce shi karanta ta ga wanda ba ya iya dubawa.

Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.